Inuwar Gamji ko Inuwar Giginya? Haɗin Kai a Take da Waƙoƙin Jam'iyyar NPC

Duk lokacin da dattawan Arewa suka zauna jajanta wa juna a kan rarrabuwar kai, da wuya a tashi ba a ambaci taken Jam'iyyar Mutanen Arewa ba, wato NPC: Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ba tare da duban addini ko muƙami ko ƙabila ba. An maimaita shi har ya zama kamar karin magana, abin da ya zama karin magana kuwa ba a cika tsayawa a feɗe shi ba. Wannan maƙala za ta ɗauki taken a matsayin matanin adabi, ta ajiye shi gefe da gefe da waƙoƙin da suka yi wa jam'iyyar hidima daga 1951 zuwa 1966, domin a ga irin haɗin kan da ake nufi, da wanda aka gayyata cikinsa, da sharaɗin da aka gindaya masa kafin ya shiga. Abin da na fahimta shi ne, a cikin abubuwa ukun nan da taken ya ce ba za a duba ba, jam'iyyar ta yi ƙoƙari na haƙiƙa a kan ƙabila, ta yi tangal-tangal a kan addini, amma a kan muƙami ba ta taɓa samun bakin magana ba. Dalilin haka yana cikin irin waƙar da ta ara ta yi magana da ita.

Dole a fara da yi mata adalci, domin manazarta na wannan zamani, musamman mu da muka tashi a ƙasar da aka fi jin daɗin labarin Malam Aminu Kano, muna da saurin yanke wa NPC hukunci a matsayin kulob ɗin sarakuna kawai. Tarihi bai yarda da wannan sauƙaƙawa ba. Shugaban farko na ƙungiyar, tun tana ƙungiyar al'adu a 1949, shi ne Dokta R. A. B. Dikko, Bafulatani Kirista daga Wusasa, kuma likitan farko da Arewa ta samu. Bayan ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa a watan Oktoba na 1951, manyanta sun haɗa da Shettima Kashim Ibrahim daga Borno da Aliyu Makaman Bida daga ƙasar Nupe. A majalisar ministocin Sardauna an ga Michael Audu Buba daga Shendam da George Ohikere daga ƙasar Igbira da Abutu Obekpa daga ƙasar Idoma. Shi kansa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda jam'iyyar ta tura Ikko ya zama Firayim Minista, ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa Bageri ne mai hidima a gidan hakimi. Jam'iyyar da ta tara waɗannan mutane ƙarƙashin tuta ɗaya, ta kuma ci kujeru 134 a zaɓen tarayya na 1959, ba da fatar baki kaɗai ta yi haɗin kanta ba.

Sai dai idan aka sake duban taken da idon mai nazarin salo, za a ga kalmomin nan uku ba jinsi ɗaya ba ne, ko da yake an jera su kamar 'yan uwa. Addini da ƙabila bambanci ne na gefe da gefe: Banufe da Babarbare suna iya tsayawa a sahu ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Muƙami kuwa bambanci ne na sama da ƙasa. Wanda ya ce ba zai dubi ƙabila ba, alkawari ya yi cewa zai buɗe ƙofa. Wanda ya ce ba zai dubi muƙami ba, maganarsa tana da fuska biyu: ko dai yana nufin zai daidaita hakimi da talaka a gaban doka, ko kuma yana roƙon talaka ya kau da kai daga bambancin, ya bar shi yadda ya same shi. Taken bai fayyace wadda yake nufi ba, kuma a ganina wannan rashin fayyacewa shi ne ƙarfinsa. Waƙoƙi ne suka fayyace.

Jam'iyyar ba ta ƙirƙiro sabon nau'in waƙa ba. Ta tarar da waƙar fada da ranta, da makaɗan kotso da taushi waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, sai ta jawo su. Misali mafi fice shi ne Alhaji Musa Ɗanƙwairo, makaɗin fadar Maradun, wanda waƙarsa ta Sardauna da aka sani da "Mai Dubun Nasara" ta fi kowace takardar manufofin jam'iyyar isa kunnen jama'a. A fagen fasaha ba ni da abin cewa sai jinjina: daidaiton jagora da 'yan amshi, da yadda ake miƙa ɗa a karɓe shi a ƙarasa, abu ne da har yau ɗalibai ke koyon nazarin waƙar baka a kansa. Abin da ya dame ni shi ne abin da wannan zubi yake iya ɗauka da abin da ba ya iyawa. Turken waƙar fada yabo ne, tubalanta kuwa sanannu ne: asali da nasaba, jaruntaka, kyauta, riƙon addini, sai zambo da habaici ga abokan hamayya. Mutane iri uku ne kawai ke da gurbi a cikinta. Akwai ubangida, wanda shi kaɗai ne. Akwai bayi da barori da masarta, waɗanda ake ambato gwargwadon kusancinsu da shi da alherin da suka yi wa makaɗi. Sai maƙiyi, wanda ake dabbantarwa a mai da shi kura ko biri ko jemage. Babu gurbi na huɗu, wato na mutumin da yake ɗan gida ne, yana ƙaunar gidan, amma bai yarda da shawarar maigida ba.

Wannan ne ya sa shigar da baƙo bai taɓa yi wa wannan harshe wuya ba. Fadar Hausa tun asali wuri ne mai haɗiye baƙi. Banufe da Buzu da Balarabe da bawan da aka kamo daga nesa duk sun sami sarauta a fadojin ƙasar Hausa. Ministan da ya zo daga Shendam ko Otukpo yana da wurin zama a irin wannan hoto, muddin ya shigo a matsayin wanda inuwa ta rufe. Kirarin da aka fi sanin Sardauna da shi, Gamji, ya ƙunshi ma'anar gaba ɗaya. Gamji itace ne mai faɗin inuwa wanda ayari guda zai iya sauka a ƙarƙashinsa, ba ya tambayar kowa daga ina ya fito. Amma duk manomi ya san ba a shuka a gindinsa.

Akwai wani saɓani da ya kamata a lura da shi a nan. Alamar jam'iyyar a akwatin zaɓe fartanya ce, kayan aikin talaka, gaisuwarta kuma "Salama". Waƙoƙinta kuwa cike suke da doki da takobi da tuta da zuriyar Shehu Usmanu, domin ita kanta sarautar Sardauna ta yaƙi ce. An ba manomi hotonsa a jikin akwati, an hana shi a cikin waƙa, in ban da a matsayin taron da ya fito tarye.

Rubutattun waƙoƙin jam'iyyar, waɗanda Haruna Abdullahi Birniwa ya kwatanta da na 'yan hamayya a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Sakkwato a 1987, sun ɗauki wannan tsari suka sa masa rigar wa'azi. A nan ne aka fi ganin aikin zambo. Ɗan NEPU a cikinsu ba mai wani ra'ayi ba ne da za a warware da hujja; mara kunya ne, mai raina na gaba, mai tayar da fitina, kuma saboda ƙawancen jam'iyyarsa da NCNC ta su Azikiwe, akan kai shi har bakin iyakar Musulunci a leƙa da shi waje. Abin mamakin shi ne wanda ake yi wa wannan korar. Ba baƙo ba ne. Bahaushe ne ko Bafulatani, Musulmi, sau da yawa ma almajiri ko malamin zaure ko ɗan kasuwa, wanda ta fuskar addini da ƙabila ya fi kusa da shugabannin jam'iyyar a kan rabin ministocinsu. Abin da ya raba su abu ɗaya ne, shi ne kalmar nan ta tsakiya a cikin take. Ya ƙi kau da kai daga muƙami, sai aka cire shi daga al'ummar da aka ce ɗaya ce. Ba na cewa mawaƙan NEPU waliyyai ne. Sunan shahararriyar waƙar Gambo Hawaja kaɗai, "A Yau Ba Maki NEPU Sai Wawa", ya isa shaida cewa su ma ba su bar wa mai saɓa musu kujera ba. Bambancin shi ne NEPU ba ta yi da'awar cewa ita ce Arewa duka ba, kuma ba ita ke riƙe da 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari ba.

Wanda yake son ganin wannan tunani a mafi kyawun surarsa, ba tare da hayaniyar zaɓe ba, sai ya koma ga littafin Shaihu Umar, wanda Tafawa Ɓalewa ya rubuta aka buga a 1934, shekaru da yawa kafin a yi mafarkin NPC. Umar yaro ne da aka sace, ya faɗa hannun bauta, aka ƙetara Sahara da shi. Abin da ya cece shi ba tawaye ba ne. Balaraben nan Abdulkarim ne ya ɗauke shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu, har ya zama shaihin da ake zuwa ɗaukar ilimi wurinsa. Jigon littafin haƙuri ne da miƙa wuya ga ƙaddara, kuma hanyar ɗaukaka a cikinsa ita ce shiga gidan babba a matsayin ɗa. Labari ne mai taɓa zuciya, ba na kuma shakkar cewa marubucin ya gaskata shi, tun da rayuwarsa ta yi kama da shi. Amma mai karatu ya tuna da mahaifiyar Umar, wadda ta bi sawun ɗanta har ta faɗa bauta ita ma, ba ta sami wani Abdulkarim ba, wahala ta cinye ta. Littafin ya ba ta tausayi, bai ba ta hujja a kan tsarin da ya hallaka ta ba. Duk da haka, shi wannan marubuci ne ya miƙe a majalisar Kaduna a watan Agusta na 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, abin da ke nuna cewa a cikin gidan akwai masu ganin tsagar bangon.

A ƙasarmu ta Birnin Kudu da Gwaram, wadda a wancan zamani gundumomi ne ƙarƙashin En'e ta Kano, wannan magana ba ta tsaya a littafi ba. Yanki ne na bakin iyaka, inda Hausawa manoma da Fulani makiyaya da Warjawa suke cuɗanya a kasuwa ɗaya, ga ƙasar Ningi da Bauchi a kudu. Idan ana neman wurin da taken "ba tare da duban ƙabila ba" zai yi ma'ana, to nan ne. Amma manomin Sundimina bai haɗu da jam'iyyar a matsayin take ba. Ya haɗu da ita a fuskar dagaci da hakimi, waɗanda su ne masu karɓar haraji da jangali, su ne kuma hukumar da sai da izininta ake yin laccar siyasa. Idan makaɗi ya ce masa Arewa ɗaya ce, mai karɓar harajin yana zaune a kan shimfiɗa, shi yana tsugune a ƙasa ya tuɓe takalmi. Hausawa sun ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Mai ilimin boko daga lardin Filato ko Kabba yana iya samun kujerar minista ko babban muƙami a aikin gwamnati albarkacin manufar fifita 'yan Arewa, alhali wanda ke gindin itacen yana cikin rana. Kuma ƙorafi a kan haraji a wannan kusurwa ya girmi NEPU da shekara ɗari: a tsakiyar ƙarni na 19 ne Malam Hamza ya bar Tsakuwa da jama'arsa saboda rikicin kuɗin ƙasa, suka shige duwatsun Ningi, daga can kuma magadansa suka daɗe suna kai hari kudancin Kano.

An taɓa gwada buɗe gurbi na huɗun nan da waƙar fada ta rasa, kuma wanda ya gwada shi ne Sa'adu Zungur. Waƙarsa "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ita ce, a ganina, mafi zurfin abin da aka rubuta da Hausa a kan haɗin kan Arewa, kuma abin sha'awa shi ne ra'ayinta bai yi nisa da na masu riƙau ba. Tana son sarauta ta ɗore, tana tsoron Kudu ta mamaye Arewa, tana kiran a haɗa kai. Inda ta bambanta shi ne ta juya ta fuskanci sarakuna ta gaya musu cewa ɗorewarsu tana rataye da adalci da gyara, ta kuma kafa musu misali da abin da ya sami sarakunan Indiya. Muryar mai wa'azi ce, ba ta maroƙi ba, kuma mai wa'azi yana da hurumin da zai tsaya a gaban sarki ya faɗa masa gaskiya ba tare da ya zama maƙiyi ba. Da jam'iyyar ta ɗauki wannan murya ta zama tata, da ta sami harshen da za ta yi magana a kan muƙami. Ba ta ɗauka ba. A taron Jos na Disamba 1950 aka rabu da masu zafin ra'ayi, Zungur kuma ya ƙare rayuwarsa a 1958 yana ɓangaren NEPU. Ko a Ingila, inda masu ra'ayin riƙau suka daɗe suna tinƙaho da kirarin al'umma ɗaya, asalin maganar daga littafin Sybil ne na Benjamin Disraeli, na 1845, wanda ya fito fili ya ce mawadata da matalauta al'umma biyu ne a ƙasa ɗaya. Sai da aka ambaci ramin kafin a yi maganar cike shi. Taken NPC tsallake shi ya yi.

Rauni na biyu na waƙar fada shi ne ba ta ɗaukar ubangida biyu, kuma Kano ce ta ɗanɗana wannan. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ginshiƙi ne na jam'iyyar, ga shi kuma jagora a ɗariƙar Tijjaniyya mai ɗimbin mabiya, yana da nasa makaɗan da nasa kirarin. Bayan binciken kuɗin En'e ta Kano da D. J. M. Muffett ya jagoranta, sai ya yi murabus a 1963 aka kai shi Azare, nan ƙetaren iyakarmu ta gabas. Ko mene ne gaskiyar lissafin kuɗin, Kanawa da yawa sun karanta al'amarin a matsayin Sakkwato ta taka Kano, har wasu suka kafa jam'iyyar KPP don nuna fushinsu. A nan ba talaka ne ya fita daga inuwa ba; wani gamjin ne aka sare. Harshen da bai tanadi yadda manya biyu za su saɓa su kuma zauna a gida ɗaya ba, dole ya ƙare da cewa ɗayansu ya bar gari.

Batun addini ya bi irin wannan hanya, sai dai a hankali. Muddin ana maganar ubangida mai kyauta da riƙon amana, Kirista yana iya amsa amshi. Amma tubalin nasaba, wanda ke ɗaure shugaba da jihadin Shehu da tutocinsa, yana da wata ma'ana dabam a kunnen mutumin da kakanninsa suka hau dutse don gudun wannan tuta. Da Sardauna ya shiga rangadin musuluntarwa daga 1963, sai tazarar da ke tsakanin Firimiyan kowa da jagoran addini ta ƙara ƙanƙancewa. Ƙasar Tibi, inda jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka ke da ƙarfi, ta yi bore a 1960 da 1964. Su ma ba a ce musu ba 'yan Arewa ba ne. An ce musu 'yan Arewa ne da suka ƙi zama inda aka ajiye su.

Akwai kuma waɗanda taken bai ko ambace su ba balle ya yi musu alkawari. Jerin nan na addini da muƙami da ƙabila babu jinsi a cikinsa, kuma ba mantuwa ba ce: matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba a duk tsawon mulkin jam'iyyar, sai a 1976 aka ba su wannan dama. Macen da ta shiga siyasa, irin Hajiya Gambo Sawaba da ta sha ɗauri, sunan da zambo ya tanadar mata sananne ne, ba sai na maimaita shi a nan ba. Haka nan ɗan Kudu da aka haifa a Sabon Garin Kano ba shi da hanyar zama ɗan jam'iyya, domin ƙofarta ta 'yan asalin Arewa ce kawai.

Da aka dawo siyasa a 1979, magajiyarta NPN ta nuna ta koyi darasi a kan rabin matsalar. Ta faɗaɗa gidan ya zama na Nijeriya duka, ta raba manyan kujeru shiyya-shiyya: Shehu Shagari daga Arewa, Alex Ekwueme daga Gabas, Adisa Akinloye daga Yamma a shugabancin jam'iyya, Joseph Wayas a shugabancin majalisar dattawa. Har Joseph Tarka, ɗan tawayen jiya, ya shigo ya zama sanata a ƙarƙashinta. Alamarta gida ce da masara, gaisuwarta "Aminci", takenta kuma ya koma ƙasa ɗaya, makoma ɗaya. Jerin nan na abubuwa uku ya ɓace, kalmar muƙami ta tafi tare da shi. Mawaƙanta suka ci gaba da yabon iyayen gida da zambon 'yan hamayya kamar yadda aka saba. Jihar Kano, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke cikinta a lokacin, ta ba PRP mai alamar mabuɗi ƙuri'arta. Mazaɓar Birnin Kudu ta tura Sule Lamido na Bamaina majalisar wakilai a ƙarƙashin wannan jam'iyya, Abubakar Rimi kuma, da hawansa kujerar gwamna, ya soke haraji da jangali.